Bula a Ruwan Oke Omidun

Matso nan ka zauna, akwai wuri a bakin tabarmar. Labarin wata mata zan ba ka, Mopelola, wadda kowa a Oke Omidun yake kira Iya Dotun, da sunan ɗanta na fari. Ba mai kuɗi ba ce, ba ta kuma taɓa riƙe wata sarauta ba. Abin da ta riƙe shekara talatin da ɗaya shi ne ludayin duma mai dogon mariƙi, da randuna goma sha biyu, da farin ƙyallen da take tace ruwa da shi.

A Okeho aka haife ta, a gidan masu ginin tukwane, kuma tun tana ƙarama ta ishi mutane da tambaya. Tana 'yar shekara bakwai ta fasa sabuwar randa da gangan, wai tana so ta ga ta ina gumin yake fitowa a jikinta, tunda babu huda. Uwarta ta zane ta. Da ta gama kuka ta share hanci, sai ta ɗauko ɓangaren randar ta ce, "To, amma ta ina?" Haka ta girma. Wani mutum mai suna Akanmu, mai kaɗa ƙararrawa a dutsen addu'a na Oke Omidun, shi ne ya iya da ita, don shi mutum ne da ba ya gajiya da cewa bai sani ba. Ya aure ta ya kawo ta dutsen. Uwarsa ce mai tsaron idon ruwa a lokacin, kuma a hannunta Mopelola ta koyi aikin: a wanke randa da toka kafin rana ta fito, a ɗaure mata ƙyalle a baki kafin a zuba ruwa, kada hannun kowa ya shiga ciki, kada ludayi ya taɓa ƙasa. Tsohuwar ta rasu, Akanmu ya bi ta bayan shekara tara, ludayi ya tsaya a hannun Iya Dotun.

A yawancin shekara mutanen da ke kwana a dutsen ba su wuce hamsin. Amma a taron watan Agusta, kwana bakwai, sai ka ga motoci sun yi layi har bakin titi, mutum dubu uku ko fiye, kowa da farar rigarsa da tabarmarsa da jarkarsa. A kafa tantuna a filin gindin dutse, a yi ta waƙa da azumi, a sha ruwan idon, a cika jarka a tafi da shi gida. Filin nan da idon ruwan duk suna cikin da'irar fararen duwatsu da ake shafa wa farar ƙasa kowace shekara. In ka zo bakin duwatsun, ka cire takalmi. A cikinsu ba a wanki, ba a bahaya, ko yaro ne ya matsu sai a ɗauke shi a guje. Masai da dandalin wanki suna can bayan dutse, inda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sai ka bi wata 'yar hanya da ta zagaya ta hau. Mutanen dutsen suna alfahari da wannan nisa. Sukan ce babu sansanin da ya kai nasu tsabta.

Sai aka yi shekara biyu a jere ana tashi daga taro da amai da gudawa. A ta biyun mutum arba'in da wani abu aka kwasa zuwa asibitin gari, wani tsoho daga Ogbomoso da ƙyar ya sha. Aka turo duba-gari, wani mai jiki da ake kira Oga Adegbite. Ya ɗebi ruwa a randunan ya kai ɗakin gwaji, aka ce akwai ƙazantar cikin mutum a ciki. Ya dawo da igiyar awo, ya bi hanyar nan daga idon ruwa zuwa masai yana haki, ya samu taku ɗari shida. Doka taku arba'in take nema. Don haka ya rubuta cewa ba daga masai ba ne, daga wajen masu ɗiba da adanawa ne.

Mai ɗiba da adanawa kuwa mutum ɗaya ce.

A farkon watan Yuni Baba Oyewusi, shugaban dutsen, ya aika aka kira ta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta zauna a benci, ta zauna a ƙasa.

"Iya Dotun, dattawa sun zauna," in ji shi, yana kallon sandarsa. "Kin yi aiki. Babu wanda ya ce ba ki yi ba. Amma ido yana tsufa, hannu ma haka. Kafin Agusta za ki miƙa ludayi ga wata."

"Baba, wane idon ne ya tsufa? Na dama ko na hagu? Don da su biyun nake ganin ƙudan da ke kan hularku."

Ya kore ƙudan, bai yi dariya ba. "Takardar hukuma ce. Dotun ya daɗe yana cewa ki koma Ibadan ki huta."

"Ɗaki ɗaya ne a bene, Baba, ruwan ma a leda suke sayensa. Ina da tambaya."

"Na san kina da ita."

"Wata goma sha ɗaya mutane suna shan ruwa daga hannun nan, babu mai ciwon ciki. Me ya sa sai a Agusta hannuna yake ƙazanta? Kuma ba a ranar farko ba, sai wajen ƙarshe?"

Baba Oyewusi ya ce a Agusta aiki yake yi mata yawa. Ta ce ta ji. Amma ba ta yarda ba, kuma duk wanda ya san ta ya san tambayar nan ba za ta bar ta ta ci tuwon amala cikin kwanciyar hankali ba.

Akwai wata ɗabi'a tata. Kowane taro da sabon ƙyalle take fara tacewa, in an tashi ta wanke shi ta ninke ta ajiye a akwati, ba ta iya yar da abin da ya taɓa ruwan idon. Washegari da hantsi ta buɗe akwatin don ta fara haɗa kaya, ta shanya ƙyallayen a kan dutse su sha iska. Tana jera su sai ta tsaya. Waɗanda ta yi amfani da su a rani sun yi ruwan ƙasa, yadda tsohon ƙyalle yake yi. Na Agustan bara da na bara waccan kuwa, a tsakiyarsu, daidai inda ruwa ke zuba, akwai wani dishi-dishin shuɗi. Ba shi da yawa. Sai ka sa shi kusa da wani kake gani. Ita kuma ba ta taɓa sa wa ƙyallen tacewa bula ba, don uwar mijinta ta hana.

Ta kwashi ƙyallayen biyu, ta sa takalmi a bakin fararen duwatsu, ta zagaya bayan dutse wajen Wosilatu mai wanki. Wosilatu Musulma ce daga ƙauyen ƙasa, shekara ashirin tana wanke wa masu addu'a riguna, ƙafarta ba ta taɓa shiga da'irar ba, kuma babu abin da ke faruwa a cikinta da ba ta sani ba.

"Ga korarriya," in ji Wosilatu, ba ta ɗago daga bugun da take yi ba. "Kin zo neman aiki? Ina ɗaukar masu matsa, amma ban da masu hannun ƙazanta."

"Rufe mini baki, mai farce kamar na matacce. Dubi nan."

Wosilatu ta goge hannu ta ɗaga ƙyallen sama ta duba. "Bula ce. Amma ta marowaci. Wa ya yi miki wannan wankin?"

"Babu wanda ya yi. Ranar nawa ga taro kuke babban wanki?"

"Rana ta biyar, kin sani. Kowa yana so ya rufe taro da riga mai ƙyalli. Mu takwas muke yi, bula kwali-kwali."

"Ruwan ina yake tafiya?"

Wosilatu ta nuna da haɓa. Ruwan wanki yana gangarawa ta wani ɗan kwari, ya ratsa gefen ramukan masai, ya shige wata tsaga a gindin dutse ya ɓace. "Ƙasa ce take shanyewa," in ji ta.

"Dutse ne a wajen, ba ƙasa ba. Dutse yana shan ruwa?"

"Ni wanki nake yi, Iya Dotun. Ban taɓa bin ruwan datti in ga gidansu ba."

"A da dandalin nan a can yamma yake, ko ba haka ba?"

"Shekara biyu da dawo da mu nan, mu da masan gaba ɗaya, da aka ba motoci wancan filin." Wosilatu ta dubi ƙyallen, ta dubi tsagar. "Ke dai ba ki da dama."

"Ci gaba da bugu. Kada ki tsaya sai na dawo."

Iya Dotun ta koma ta hanyar nan mai taku ɗari shida, ta cire takalmi, ta je bakin idon. Ta kwanta rub da ciki, mace mai jikoki, ta cusa kanta cikin kogon da ruwan ke fitowa ta kara kunne a jikin dutse. Da farko ƙarar ruwa kawai take ji. Can sai ta ji shi, tim, tim, tim, a hankali, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ta daɗe a kwance tana saurare, har wata baƙuwa ta ɗauka addu'a take yi ta durƙusa a bayanta.

Da yamma ta hau saman dutsen, inda ba kowa ke hawa ba sai masu azumin kwana uku. Ta leƙa gaba, ga randunanta a jere. Ta yi 'yan takuna ta leƙa baya, ga rufin masai. Hanyar ƙafa ce take da tsawo, don zagaye take yi kamar igiya a wuyan akuya. Dutsen da kansa a wajen siriri ne, kuma masan sun fi idon tudu. Kowa ya san bayan dutse da nisa saboda kowa da ƙafa yake zuwa, yana matse da ciki.

Ta sauko ta gaya wa Wosilatu abin da take so: bula kwali goma, da aron bokitai. An riga an haƙa sabon ramin masai na taron bana, ba a fara shiga ba tukuna. A ciki za ta zuba.

Wosilatu ta zauna a kan bokiti ta dube ta. "Tsaya in tambaye ki, ke mai tambaya. In shuɗin ya fito ta can, kin san abin da mai tumbin nan zai yi? Siminti zai sa a toshe idon. In kin yi shiru, ke kaɗai za ki tafi, ruwa ya zauna. In kin yi magana, ke da ruwan duka. Wa zai ba ki ludayi a bakin siminti?"

Wannan bai zo mata ba sai da aka faɗa. Kwana uku tana juya shi. Ta wanke randuna, ta tace ruwa, ta ba baƙi, tana kallon yadda suke karɓa da hannu biyu. Ta tuna tsohon nan na Ogbomoso da aka sauko da shi a kan ƙyauren ƙofa. A rana ta huɗu ta je ta ce wa Baba Oyewusi ya kira duba-gari.

Oga Adegbite ya zo ranar Talata, bayan an kwana ana ruwa. A bakin fararen duwatsu ya tsaya yana kwance igiyar takalmi yana ƙorafi.

"Mama, kun san wannan tsakuwar taku ba ta san ma'aikacin hukuma ba? Na riga na rubuta takarda. Me kuma ya rage?"

"Ɗana, da ka auna, ƙafar wa ka auna? Taka ko ta ruwa?"

"Ruwa yana da ƙafa ne, Mama?"

"Shi ne za mu gani."

Ta ɗaura sabon farin ƙyalle a bakin idon a gabansu, ta sa Baba Oyewusi ya ƙulla igiyar da hannunsa don kada a ce an taɓa. Suka zagaya baya, Oga Adegbite ya mai da takalmi yana godiya ga Allah. Wosilatu da matan wanki suka kaɗa bula a bokiti ashirin, suka juye a sabon ramin ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya taru shuɗi fau, ya tsaya kaɗan, sannan ya fara ja da baya ta wata kusurwa har ya ƙare.

"In bai fito ba fa?" in ji Baba Oyewusi.

"Sai in ba ku ludayin yau, ba sai Agusta ba. Ku kuma ku biya Wosilatu bularta."

"Ko ya fito ko bai fito ba, a biya ni," in ji Wosilatu.

Suka dawo suka zauna a gindin bishiya kusa da idon. Azahar ta wuce babu komai. Oga Adegbite ya ci eko, wato agidi, da ƙosai, ya duba agogo, ya ce direbansa yana jira. Iya Dotun ta ce a kawo masa ƙarin ƙosai. Ita ba ta ci ba. Tana tashi tana leƙa ƙyallen tana dawowa, har Baba ya ce ta zauna tana sa shi jiri. A ranta tana ta lissafin tsagar nan: miƙaƙƙiya ce, ko ita ma zagaye take yi? Akwai wani tafki a cikin dutsen da ruwan ke hutawa? Ta ma manta da batun ludayi, so take ta sani.

La'asar sakaliya, rana ta karkata ta haska cikin kogon, Oga Adegbite da kansa ya fara gani. Ya tashi, ya je ya tsuguna, ya ciro farin hankicinsa ya kara kusa da ƙyallen. Bambancin a fili yake. Kafin su gama kallo, ruwan da ke zuba a kwatarniya ya koma kalar sararin sama.

Baba Oyewusi ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Shekara biyu," in ji shi a hankali, "muna ba mutane wannan, muna sa masa albarka."

"Mama, na yi muku laifi," in ji Oga Adegbite. "Zan gyara takardar. Amma idon nan ba za a ƙara sha ba. Gobe zan turo magina."

"Da siminti?"

"Da siminti."

"In ka toshe nan, ruwan ina zai bi? Ba zai koma sama ba. Ta ƙauyen su Wosilatu zai ɓulle, ko ta wani wajen da ba ka da ƙyalle a kai. Nan aƙalla mun san ƙofarsa. Kuma in ka toshe, ta yaya za ka san ranar da ya warke?"

Ya sosa ƙeya. Suka yi ta ja har rana ta kusa faɗuwa. Abin da aka tsaya a kai shi ne murfin ƙarfe da kwaɗo maimakon siminti, a cike tsofaffin ramukan, a mai da masai da wanki can gangare, ƙasa da idon, kuma duk wata uku ya zo ya ɗebi ruwa ya kai gwaji. Matsalar ita ce gangaren yana cikin fararen duwatsu. Dattawa suka yi mako biyu suna gardama a kan haka, wasu suna cewa wanda ya kafa dutsen ne ya jera su. A ƙarshe Baba Oyewusi ya tashi wata safiya, ya ɗauki dutsen farko da hannunsa ya matso da shi ciki taku sittin, sauran suka bi.

Mabuɗin kwaɗon kuwa, babu wanda ya tsaya tambayar hannun wa za a ba. Iya Dotun ta rataye shi a wuya.

Taron Agustan bana tankar ruwa aka kawo daga gari, aka yi mata addu'a, aka sha. Babu wanda aka sauko da shi. Amma aikinta ya fi na da wuya, don yanzu hana mutane take yi, kuma mutumin da ya yi tafiyar kwana guda da jarka ba ya jin bayanin tsagar dutse. Sai ta samo dabara: kowace safiya takan buɗe murfin ta ɗebi tukunya biyu, ta tafasa su sosai, ta ba kowa rabin ƙaramar kwalba.

A rana ta shida wata mata daga Kotonu, wadda ta zo saboda 'yarta marar lafiya, ta karɓi kwalbarta ta ji da ɗumi. Ta tambayi dalili, aka gaya mata. Ta juya kwalbar a hannu ta ce, "Mama, wutar da ta kashe cutar, ta yaya ta san ta bar albarkar?"

Iya Dotun ta dubi kwalbar. Ta ce wa matar ta tafi da shi, Allah ya ba yarinya lafiya. Amma tun daga ranar take bin mutane da tambayar. Baba Oyewusi ya ce albarka ba ta ƙonewa, ta ce ta ina ya sani. Wosilatu ta ce in albarka tana tsoron wuta, to duk abincin duniya ba shi da ita. Oga Adegbite ya ce ɗakin gwajinsu ba ya auna wannan. Har yanzu ba ta gamsu ba, kuma na san in ka hau dutsen za ta tare ka da ita tun kafin ka gama cire takalmi. To, kai me za ka ce mata?